Gawar da Jafaru Ya Bari a Rana

Malam Nagoda ya daɗe yana haƙa kabari a Tudun Wada, tun Bature yana mulki har ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Kwatsam sai ɗansa Jafaru ya samu aikin haska fim a silima. Tsohon ya ce ba zai sa wa aikin albarka ba sai ya ga abin da ake nuna wa mutane da idonsa. Ya je, ya gani, ya kwana da takaici.

Da safe Jafaru ya durƙusa a zaure yana gaishe shi, sai tsohon ya hau shi da faɗa.

"Wannan kake kira sana'a? Wani ƙato mai ƙazamin gemu ya harbe mutum, ya hau doki ya yi gaba, ya bar gawa a rana ƙudaje na bi! Ba wanka, ba sutura. Jama'a kuma har da tafi, sai ka ce goron suna aka raba musu!"

"Baba, ka yi haƙuri," in ji Jafaru. "Fim ɗin kaboyi ne na mutanen Italiya, bai daɗe da fitowa ba. A na Amurka jarumi zai yi dambe ko hularsa ba ta faɗi ba. Wannan kuwa gumi ne na gaske, ga yunwa a fuskokinsu, ba yawan surutu. Wallahi inda ya fi kyau ma shi ne da wani tsoho ya zo da jaki ya ɗauki gawar, ya haƙa mata rami shi kaɗai, alhali mamacin ne ya ƙone masa gona."

Nagoda ya ɗago kai. Idonsa ya tsufa, amma bai kai ya kasa ganin jaki a bango ba.

"Ni ban ga wannan ba."

Jafaru ya sosa ƙeya. Baki dai shi ke yanka wuya.

"Na yanke wurin da almakashi, Baba. Ya yi tsawo, ba harbi. 'Yan kallo ihu suke yi suna jifa da ɓawon rake, mai silima kuma ya ce in aka sake, a bakin aikina."

Ran tsohon ya ɓaci. Ya kwana yana tsine wa mutanen da bai taɓa gani ba, ashe ɓarawon na cikin gida ne.

"Ashe bayin Allah sun binne gawarsu," ya ce. "Ɗan mai haƙa kabari ne ya tono ta don a yi masa tafi. Guntun da ka yanke yana ina?"

"Yana cikin gwangwani."

"Ka je ka mai da shi."

"Baba, korata za a yi."

Nagoda ya miƙe ya saɓa digarsa, don an yi rasuwa a Tudun Jukun, shi ake jira. Ya tsaya a bakin zaure, bai waiwayo ba.

"Albarkata tana nan. Ranar da ka binne mutumin nan, ka zo ka karɓa."