Shafin da Malam Nababa Bai Buɗe Ba

Malam Nababa yana tsakiyar koya wa 'yan aji biyar lissafi aka aiko kiransa. 'Yan sa-kai ne ke nemansa a bakin kasuwa, su kuwa ba a ce musu a jira a tashi daga makaranta. A wannan gari na ƙasar Bukkuyum, duk takardar Turancin da ta gagari mutane shi ake kai wa.

Ya tarar da Sufyanu zaune a ƙasa, hannuwansa ɗaure ta baya da robar babur. Sufyanu ɗan wani Bafillace ne da ake kira Bature mai shanu, na rugar bayan fadama, kuma tsohon ɗalibin Malam ne. Yanzu yana aji uku a jami'a, yana koyon yadda ake haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, da yadda ake tsare su daga masu kutse.

Uba, shugaban 'yan sa-kai, ya miƙo masa wani littafi a buɗe. Zanen garin ne tsaf: makaranta, asibiti, masallacin Juma'a, gidan hakimi, an haɗa su da layuka, ga kibau da jan biro.

"Malam, karanta muna wanga abu," in ji Uba. "Cikin jakarshi munka same shi."

Sufyanu ya ɗago kai. "Malam, aikin makaranta ne wallahi. Malaminmu ya ce kowa ya zana wa garinsu netwok, wato yadda za a haɗa kwamfutocin garin, ya nuna inda ɓarawon kwamfuta zai iya kutsowa, sannan ya faɗi yadda za a toshe. Ranar Litinin zan miƙa. Buɗe shafi na gaba, maganin na can."

Malam Nababa bai san komai a kwamfuta ba, wayarsa ma 'yarsa ke sa masa lambobi. Amma ya san yaron, kuma kallo ɗaya ya yi ya gane gaskiya yake faɗi. Sai dai ya san wasu abubuwan kuma. Sati uku ke nan da 'yan bindiga suka kashe ƙanen Uba a gona. Ko a damina, wani mai shago da ya tsaya wa wani Bafillace sai da ya kwashe iyalinsa ya koma Gummi, don an fara kiransa mai kai rahoto daji. Tsoro ya kama Malam, tsoro sosai.

Uba ya ɗora yatsa kan kibiyar da ta nufi asibiti. "Ba dogon bayani muka so ba. Nan, mi anka rubuta?"

"An rubuta... wurin da ya fi rauni."

"Nan fa?"

"Ta inda mahari zai fara shigowa."

Taron ya ɗauki salati. Abin takaicin shi ne Malam bai yi ƙarya ba ko da kalma ɗaya. Ya fassara abin da aka nuna masa, ya tsuke bakinsa a kan sauran.

"Shafi na gaba, Malam!" Sufyanu ya yi ihu. "Don Allah, na gaba!"

Uba ya kama littafin. Bai ma fizga ba, Malam ne ya sakar masa.

Suka ɗora Sufyanu a babur tsakanin mutum biyu. Ofishin 'yan sanda yana gabas da kasuwa. Yamma suka yi, hanyar daji.

Bayan la'asar, Malam na zaune a zaure ya kasa cin tuwon rana, wata mata ta yi sallama. Balaraba ce, mahaifiyar Sufyanu, ƙafafunta duk taɓon fadama. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta sa masa albarka.

"An ce mani kai anka kira ka karanta takardar," ta ce. "Da na ji haka sai hankalina ya kwanta. Malam, yaushe sunka ce za su sako shi?"