Tukwane Marasa Huji

A bayan shagon sayar da shuke-shuke, kusa da famfo, akwai wani teburi da ake jibge furannin da suka fara mutuwa, a sayar da su rabin kuɗi. Nan na tarar da Baba mai ban-ruwa farkon wata, yana tsinke busassun ganye da yatsunsa.

"Malama, ɗauki ko biyu ne," in ji shi. "Manaja ya ce in teburin nan bai ragu ba, ƙarshen wata in nemi wani aiki. Wai na tsufa, ban san awon ruwa ba."

Shekara goma sha tara yana shayar da shuka a wurin. Na ɗauki shida. Yana jera mini su a kwali ya rage murya ya ce, "In kin je gida ki duba gindinsu."

Mama na ganina ta kama baki. "Ikon Allah! Mutane na sayo fure, ke kin sayo gawa. Karatun noman da kika yi ke nan?"

Na shimfiɗa tsohuwar jarida a baranda, na kife tukunyar farko. Wari ya buge ni. Ƙasar ta zama taɓo, saiwoyin sun yi baƙi. Na juya gindin tukunyar robar: sumul, babu huji ko ɗaya. Haka ta biyu, haka har ta shida. Ruwa ya shiga, ba hanyar fita.

Na yanke ruɓaɓɓun saiwoyin da almakashi, na gauraya ƙasa da yashi. Mama mai tsiyar ita ce ta gasa ƙusa a kan risho har ta yi ja, ta kama ta da filaya tana huda tukwanen. "Riƙe da kyau, likitar gawa!" Muka ajiye su a inuwa, muka hana su ruwa kwana biyar. Biyu suka ƙarasa mutuwa. Huɗu suka yi toho a mako na uku.

Saura kwana huɗu wata ya ƙare na koma shagon da furen da ya fi kyau, na dire shi a gaban manaja. Na gaya masa abin da ni da Mama muka yi da ƙusa, sannan na ɗauko wata tukunya daga teburin na kife masa ita.

"Haka aka kawo mana su," in ji shi.

"Haka aka kawo!" na ce. "Wata biyu furanni na ruɓewa a gabanku, babu wanda ya sunkuya ya duba, amma an samu bakin korar tsoho."

Baba ya ajiye tiyo. "Na faɗa, ranka ya daɗe. Ranar da aka sauke su na faɗa. Ka ce aikina ban-ruwa ne."

Manaja ya ɗaga tukunya ɗaya ya leƙa, ya ɗaga wata. Na jira ya ba da haƙuri. Bai bayar ba.

"Baba, irin waɗannan nawa ne a rumfa?"

"Sun fi ɗari uku."

"To ka fara huda su. Na wata mai zuwa ma, kai za ka duba kafin a sauke."

Raina bai gama hucewa ba, amma Baba ya riga ya naɗe hannun riga. Ya juyo gare ni.

"Malama, ƙusar nan ta Mama, inci nawa ce?"