Kuɗin da Na Faɗa wa Malamin Lissafi

Farin cakulan ba ya son gaggawa, ba ya kuma son wuta ta taɓa shi kai tsaye. Ruwa nake tafasawa a tukunya, in rage wutar, in ɗora kwanon tangaran a bakinta, in zuba gutsattsarinsa ina juyawa har ya narke ya yi santsi. Ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki, ya dunƙule kenan. In ya narke kuma sai a jira ya huce, don in aka zuba shi da zafi a kan botar da aka buga da garin sukari, komai ruwa zai koma. Duk wannan na iya shi. Abin da ban taɓa iyawa ba shi ne in dubi idon mutum in faɗa masa kuɗin aikina.

Yayata ce ta saya mini injin buga bota da albashinta na asibiti, ita ce kuma ta zuba jarin. Da hannunta ta rubuta farashi ta manna a jikin firij: kek mai kirim ɗin farin cakulan, dubu talatin.

"Kayan haɗi kaɗai dubu sha takwas ne, Auta," in ji ta. "Ga gas, ga wuta, ga kwali, ga awa biyar da kike yi a tsaye. Ko ƙafafun naki na aro ne?"

Akwai makaranta a tsallaken titinmu, akwai kuma malamin lissafi a cikinta, dogo, mai tabarau, kullum da farin alli a hannun rigarsa. Ta tagar kicin nake ganinsa. Ni kuwa littattafan soyayya sun riga sun ɓata ni, don kafin mu taɓa gaisawa na gama tsara mana hira ta shekara guda a zuciyata, har da faɗa da shiryawa.

Wata rana da yamma sai ga shi a ƙofarmu. Mahaifiyarsa za ta yi ritaya, yana son kek, kuma ba ta son baƙin cakulan. Ya yi bayani a hankali kamar yana gaban allo, sannan ya ce, "Nawa ne, Malama?"

Talatin ɗin yana bakina. Sai na ji in na faɗa zai ɗauke ni mai son kuɗi, irin wadda ba a aura. Na ce, "Dubu sha biyar."

Kek ɗin ya yi kyau har ni kaina na tsaya ina kallonsa. Na cike giɓin da 'yan kuɗin da nake tarawa, na ce wa Yaya talatin ya biya. Ta ce, "Yauwa, kin fara girma." Na sunkuyar da kai ina goge teburin da ba shi da datti.

Bayan kwana goma ya dawo, fuskarsa fal murna, da ambulan a hannu. Ya kai ragowar kek ɗin makaranta, shugabarsu ta ɗanɗana, yanzu guda huɗu suke so na walimar ƙarshen zango. Malamai sun yi karo-karo.

"Dubu sittin ne, ki ƙirga. Na gaya musu duk garin nan babu mai kyau da araha irin naki."

Na karɓa. Har godiya na yi masa.

Sittin ba ta kai kuɗin kayan haɗin guda huɗu ba ma, kuma asusuna ya riga ya ƙare. Washegari na je kanti na wuce wurin bota ta gaske kamar ban san ta ba. Na sayi ta roba mai araha, ta shafa wa burodi, da farin abin nan da ake sayarwa a kilo, mai kama da cakulan amma kitse ne da sukari. Na haɗa kaɗan don gwaji. A ido ya yi fari tas, ya ma fi na gaske tsayawa.

Ina cikin kallonsa Yaya ta dawo daga asibiti. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta ɗauki cokali ta lasa, kamar yadda ta saba. Ta goga harshe a saman bakinta.

"Auta, kyandir kika buga?"

"Sabon samfuri ne nake gwadawa."

Ta ɗaga murfin kwandon shara, ta ga robar, ta mayar da murfin a hankali. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Kujera ta ja ta zauna ta ce, "Nawa kika ce masa?"

Na faɗa mata komai, ina kuka ina share hanci da bakin gyalena.

"To bari in gane. Kin yi mini ƙarya, za ki kuma ci da mutum arba'in kitsen nan da sunan cakulan, a kwali mai ɗauke da lambar wayarki, duk don kada mai tabarau ya ji kalmar talatin?"

"Yaya, ke ki je ki gaya musu mana. Ki ce kuskure aka yi."

"Ni na faɗi sha biyar? Wanke fuskarki. Ana tashi daga makarantar ƙarfe biyu."

Ɗakin malamai dogo ne, tebura cike da littattafan ɗalibai, fanka ɗaya tana ta ƙara a sama. Mutum kusan goma na tarar, wasu na shan shayi. Shugabar makarantar, dattijuwa mai jan biro a hannu, tana zaune a ƙarshe. Malamin lissafi ya miƙe yana murmushi.

"Ga mai kek ɗinmu."

Na ajiye ambulan ɗin a gaban shugabar.

"Ranki ya daɗe, kuɗin da na faɗa ba daidai ba ne. Guda ɗaya dubu talatin ne."

"Daga sha biyar zuwa talatin cikin kwana goma?" in ji wata malama daga bayan kofinta. "Ko kuɗin mota bai taɓa irin wannan tsalle ba."

Aka yi dariya.

"Tun farko talatin ne. Ni ce na rage."

Shugabar ta dube ni ta saman biron, ta dubi malamin lissafi, ta sake dubana. Ba ta tambayi dalili ba, kuma rashin tambayar ya fi tambayar ciwo.

"Ɗiyata, wanda na ci, shi za ki yi mana? Ba ragi a ciki?"

"Shi ɗin ne, ba ragi."

Ta turo mini ambulan ɗin. "To ki yi biyu. A yanka ƙanana, masu ciwon sukari sun huta."

A baranda ya tarar da ni. Murmushin ya tafi. Ya cire tabaransa yana gogewa da bakin riga, bai dube ni ba.

"Malama, albashin malami ba shi da yawa, na sani. Amma kek ɗin mahaifiyata ne. Da kin faɗa mini, da na biya."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Amsar tana nan, na sha faɗa masa ita a zuciyata da kalmomi masu daɗi. Amma a barandar nan, ga ɗalibai suna leƙowa ta taga, sai na ga gara ya ɗauka tausayinsa na ji.

Ya zaro kuɗi daga aljihu, ya ƙirga sha biyar a gabana, ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo. Na sa hannu biyu na karɓa. Aka kaɗa ƙararrawa, ya ce yana da aji, ya juya ya tafi.