Ɓarin Goro a Birnin Hisabi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya sanya barci hutu ga jiki, wani lokaci kuma Ya mayar da shi makaranta ga zuciya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Ya Allah, Ka daidaita mini alƙalami.

Bayan haka, Malam Gwadabe Tsoho ɗan wasan kwaikwayo ne da ya shekara tara yana fitowa a talabijin a matsayin Kafi-Zaki, uban wata daba da ta riƙe gari da wuƙa da tsoro. Ya iya aikinsa, kuma ya san ya iya. In ya ratsa kasuwa, har mahauta kan tsaya da sara su yi masa jinjina. Abin da ya fi taƙama da shi wani salo ne da shi da kansa ya ƙago, ba marubuci ba: duk wanda Kafi-Zaki zai halaka, sai ya kira shi sulhu, ya fasa goro, ya miƙa masa ɓari ɗaya. Da zarar mutum ya karɓa, sai 'yan daba su far masa.

Wata Laraba aka sa za a ɗauki fitowa ta ƙarshe da yamma, inda Kafi-Zaki zai yi wa ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya wannan yaudara a gaban mahaifiyarsu, sannan a rufe shirin yana bisa kujera yana murmushi. Bayan sallar Azahar Gwadabe ya kishingiɗa a zaure yana bitar takardar wasan, barci ya ɗauke shi.

Sai ya tsinci kansa a ƙofar wani birni mai ganuwar baƙin dutse, ga wani dattijo mai farar riga yana jiransa. Dattijon ya ce, "Biyo ni, kada ka taɓa kome."

A layin farko suka tarar da maza, kowanne hannun damansa ya ƙwace masa, yana tsinka masa mari ba hutawa. Gwadabe ya ce, "Malam, su wane ne waɗannan?"

"Waɗanda a majalisa ake yabon haƙurinsu, amma da an ji takunsu a soro, mata da 'ya'ya su shiga neman maɓoya."

A gaba suka ga masu manyan riguna zaune, an ɗauke musu fatar ido, ana gitta musu gawawwaki ɗaya bayan ɗaya. "Waɗannan fa?"

"Shugabanni ne da aka kai musu kukan 'yan daba suka kau da kai, domin suna buƙatarsu ranar zaɓe. Yau babu ƙiftawa."

Layi na uku ya fi kowanne tsit. Mutane ne a jere, ana miƙa wa kowanne ɓarin goro, hannunsa ya tafi da kansa ya karɓa, da ya kai baki ya zama garwashi. Wani dogo daga cikinsu ya hango Gwadabe, sai ya washe baki duk da azabar da yake ciki.

"Ranka ya daɗe, Maigida! Ashe kai ma ka iso? Ni ne Lawandi, ba ka san ni ba, amma ni ɗan gidanka ne, ko mako ɗaya ban taɓa fashin kallonka ba. Yayana Sabi'u ya shekara biyu yana guduna. Da Inna ta matsa mu shirya, sai na fasa goro yadda kake yi. Har ɗaga girar nan taka a madubi na koya!"

Gwadabe ya ja da baya, ya ce, "Malam, ni wasa nake yi! Ko ragon layya maƙwabcina ke yanka mini."

Dattijon ya ce, "Wuƙar Lawandi tasa ce, ba za a ɗora maka jinin Sabi'u ba. Kuma ba laifi ba ne a nuna wa mutane mugu domin su gane shi. Abin da za a tambaye ka shi ne kwalliyar da ka yi wa cin amana. Kafi-Zaki ba shi da rai, ba shi da kabari. Fuskarka ya ara, kai kuwa kana da duka biyun."

Sannan ya nuna masa wata taga a jikin ganuwa. Gwadabe ya leƙa, sai ga wata tsohuwa a tsakar gida da goro a tafin hannu, 'ya'yanta biyu da suka yi saɓani suna tsugune, kowanne ya ɓoye hannunsa a aljihu yana harar ɗan'uwansa. Tana roƙonsu tana hawaye, babu mai karɓa.

"Wannan tana raye, a garinku take. Kakanninku sun bar muku abin da ake kashe gaba da shi, kai ka mayar da shi abin tsoro."

Gwadabe ya farka da kiran La'asar, rigarsa sharkaf da gumi. Ya yi alwala ya yi salla, ya daɗe yana istigfari, sannan ya nufi wurin ɗaukar shiri.

Nazifi, mai ba da umarni, ya tare shi. "Haba Baba, rana na gudu! Ko tsufa ya fara taɓa Kafi-Zaki ne?"

"Ɗana, ba zan kashe ƙanen nan ba. Kafi-Zaki zai miƙa goro, wannan karon da gaske gafara yake nema, kuma babu wanda zai yarda ya karɓa."

"Wa'azi za mu koma? Wallahi masu kallo kashe talabijin za su yi."

Gwadabe ya gyara tsayuwa. "Wa ya ce maka wa'azi? Shekara tara na sa garin nan yana rawar jiki saboda mutumin nan. Ba ni yammacin nan kaɗai in sa yaro ma ya raina shi. In ba ka yarda ba, ga hular Kafi-Zaki, nemo wanda za ta yi wa daidai."

Nazifi ya dubi hular, ya dubi rana, ya ce a kunna kyamara.

Kafi-Zaki ya durƙusa ya miƙa ɓarin goro. Ƙanen ya tashi ya fita. Uwar ta juya fuska ga bango. 'Yan dabarsa suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi shi kaɗai, hannu a miƙe. Nazifi ya manta bai ce a tsaya ba, sai da mai kyamara ya taɓa shi. Gwadabe ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, kansa a sama, domin ya san bai taɓa wasa irin na ranar ba, kuma wannan ne wasa na farko da ba zai ji kunyar a tambaye shi a kansa ba.

Ya Allah, Ka jiƙan waɗanda hannun 'yan'uwansu ya kai su kabari, Ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Mai karatu kuma, Allah Ya tsare ka daga cin amanar jininka, Ya sa baiwar da Ya ba ka ta zama hujja gare ka ranar tsayuwa. Amin.