Zaman Makoki a Longsight

Gidan yana wani layi a unguwar Longsight, can ƙasar Turawa, bayan Stockport Road. Wata coci ce ta ba samari Kirista 'yan jami'a, ta ce su zauna su riƙe kansu da kansu. Tukunya ɗaya, addu'ar safe tare, kowa da ranar girkinsa da ranar wanke banɗaki. Bobai, ɗan Zonkwa da ya zo karatun digiri na biyu, ya ji daɗin wurin tun makon farko. Sun koya masa cin wake mai zaƙi a kan burodi, shi kuma ya koya musu cewa barkono ba zunubi ba ne.

A teburin karin kumallo ya gaya musu babansa ya rasu. Tafiya gida kuwa babu hali, don takardun zamansa suna hannun hukuma ana sabuntawa, idan ya fita ba dawowa.

Gaskiya sun yi ƙoƙari. Ethan, shugaban gidan, wani dogon Bature mai kirki har ya yi yawa, ya yi addu'a da hawaye a idonsa. Kowa ya rungumi Bobai. Da ya hau sama, sai ya jiyo Ethan yana gaya wa sauran cikin ƙaramar murya cewa kada kowa ya dame shi, a ba shi fili ya huta, a cire sunansa daga girki.

Bobai bai ɗauki maganar da nauyi ba. Ya share ɗakinsa, ya ture gado jikin bango, ya hauro da kujeru biyu daga kicin, ya jera kofunan shayi a kan tebur. Sannan ya buɗe ƙofa ya danne ta da takalmi, ya zauna a ƙasa. Haka ake yi. A Zonkwa, kafin gawa ta yi sanyi tsakar gida ya cika, wanda ya san mamaci da wanda hanya ce ta biyo da shi, kowa ya zo ya zauna ko da bai ce uffan ba.

Samarin nan kuwa suka riƙa wucewa a kan yatsun ƙafa, kai a sunkuye, kamar masu tsoron tayar da jariri. Can sai Jedidiah ya tsaya. Shi ne abokinsa na kusa, haifaffen Birmingham, iyayensa 'yan Filato, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina abinci" ba. Bobai ya gyara zama, zuciyarsa ta yi sanyi.

Jedidiah ya ajiye faranti a bakin ƙofa, ya janye takalmin a hankali, ya ce, "So you can have some peace, bro." Ya ja ƙofar ya rufe.

Bobai ya tashi ya buɗe. Da yamma wani ya sake rufe masa, shi ma da zuciya ɗaya. Haushi ya kama shi, amma wa zai ji haushi? Kuma ta yaya mutum zai fita ya ce a zo a yi masa gaisuwa? Gaisuwar da aka roƙa ai ba gaisuwa ba ce.

Mamarsa ta kira. A bayanta yana jin matan zumunta suna waƙa, suna buga tulu, wani yaro yana kuka, ana kiran a ƙaro benci. Kewar gida ta taso masa.

"Mutane suna zuwa maka?" in ji ta.

Ya dubi kofunan nan da ba wanda ya taɓa. "Suna zuwa, Mama."

Ranar Asabar za a binne. Da safe gidan ya yi tsit, an hana kunna rediyo saboda shi. Bobai ya san ba zai iya zama shi kaɗai a sa babansa a ƙasa ba. Ya ɗauki rigar sanyi, ya fita bai gaya wa kowa ba, ya hau motar Birmingham. Sau ɗaya ya taɓa zuwa gidan su Jedidiah a unguwar Lozells, lokacin Kirsimeti, amma ƙafarsa ta gane layin.

Mama Nanret, mahaifiyar Jedidiah, ta buɗe ƙofa da kayan aikin asibiti a jikinta, dawowarta ke nan. Ta dubi fuskarsa.

"Ɗana, lafiya?"

"Mama, Baba ne. Yau za a binne shi."

Ta dafe ƙirji. Ta jawo shi ciki, ta ture teburin falo da ƙafa, ta zauna a ƙasa kusa da shi ba ta ko cire jakarta ba.

"Wayyo. Sannu, Bobai. Ya haƙuri? Su wa suke zama da kai a can?"

Ya girgiza kai.

"Jedidiah fa?"

"Yana kawo mini abinci, Mama. Sun ce suna ba ni space."

"Space! Space ɗin me? Mutum ya rasa uba a ba shi space, sai ka ce mai mura?" Ta zaro waya, ta kira ɗanta, ta wanke shi tas da Turanci da Hausa, ta ce ya hau train na gaba, ya taho da duk wanda ke da ƙafa a gidan. Da ta ajiye, muryarta ta sauka. "Laifina ne. Na koya masa addu'a, ban koya masa zama ba."

Ta bubbuga bangon da ya raba su da maƙwabta. Ba a jima ba wata dattijuwa ta yi sallama, Hajiya Ramlat, Bakanuwa, da fulas ɗin kunu a hannu. Ba ta taɓa ganin Bobai ba. Ta cire takalmi, ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ta zauna.

"Ya haƙuri, yaro? Allah ya ba ku dangana. Allah ya raya abin da ya bari."

"Amin, Hajiya. Na gode."

Suka zauna. Bas ta wuce a waje, tagar ta girgiza. Bobai ya kira gida, ƙanensa ya ɗaga waya sama, suka ji fasto yana karatu a bakin kabari, iska tana yanke muryarsa, har layin ya katse.

Hajiya Ramlat ta zuba kunu ta miƙa masa.

"Ya sunan marigayin?"

Bobai ya buɗe baki. Sai a lokacin ya tuna cewa tun da abin ya faru, babu wanda ya tambaye shi wannan a duk faɗin ƙasar nan.

"Ayuba," in ji shi. "Ayuba Yashim."

"Malam Ayuba," ta maimaita, tana gyaɗa kai kamar ta san shi tun suna yara.

Bobai ya ajiye kofin don kada ya zube, ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan babansa.