Hasken da Ta Yi wa Baba

Shekara goma sha tara tana kunna fitilun babban ɗakin wasan nan, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Masu shara, masu kiɗa, masu gadi, kowa Mai Fitila yake ce mata. A wurin yayanta ta koyi aikin, lokacin da yake gyaran wuta tana riƙe masa tsani. Da ya tsufa ya daina hawa, sai ta hau, ba ta kuma sauko ba.

Akwai wani zaure a waya da masu irin sana'arta suka buɗe, mutum kusan ɗari uku daga garuruwa daban-daban. Duk wanda ya haska dandamali sai ya ɗauki hoto ya tura, a yaba ko a kushe. Shekara biyu tana ciki tana karatu kawai, ba ta taɓa tura ko hoto ɗaya ba. Sai ranar wata Lahadi da safe, tana zaune da mijinta suna shan shayi, ta zaɓi hotuna huɗu na wasan jiya ta tura.

Wasan na wani tsohon mawaƙi ne da kowa ke kira Baba. Shekara bakwai bai hau dandamali ba, sai ga shi ya yarda zai yi wasa biyu, Asabar da Asabar. Tun ranar gwajin farko ya ja ta gefe bayan labule, ya faɗa mata abin da ko yaransa masu kiɗa ba su sani ba. An yi masa aikin ido bai yi kyau ba. In haske ya doki fuskarsa kai tsaye, komai sai ya zama fari fat, hawaye su yi ta zuba, ya kasa gane inda ƙafarsa take. Ya ce in maganar ta fita babu mai sake gayyatarsa, kuma shi ba ya son a zo kallonsa don tausayi. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba mai ji daga bakinta.

Kwana uku ta yi tana hawa da sauka. Ta kashe duk fitilun gaba. Ta jera wasu ƙanana a gefe da gefe, daidai kafaɗar mutum, ta rufe su da leda mai ruwan zuma. Ta sa ɗaya a sama can bayansa, wadda ke zana gefen hularsa da kafaɗunsa kamar an ja layi da alli. A ƙasa kuwa ta liƙa farin tef mai faɗi tun daga bakin labule har gaban makirufo. Ranar wasan Baba ya fito shi kaɗai, babu mai riƙe masa hannu, ya yi awa biyu yana waƙa. Daga ɗan ɗakinta na sama, inda take sarrafa fitilu, ta ga mutane sun yi tsit kamar ba kowa a wurin. Ba ta taɓa yin aikin da ya yi mata daɗi kamar wannan ba, shi ya sa ta tura hotunan.

Kafin shayinta ya huce an yi mata ca. Wani ya tambaya ko wuta aka ɗauke. Wani ya ce ya ƙara hasken wayarsa har ƙarshe, har yanzu yana neman mawaƙin. Wani ya ce tocilan nawa aka yi amfani da su. Sai shugaban zauren ya shigo, wanda ake kira Injiniya, mai kamfanin ba da hayar fitilu, mutumin da in ya yi magana sauran sai su bi bayansa. Shi bai yi raha ba, wankin babban bargo ya yi mata a tsanake, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce fuskar mawaƙi ita ce abin da mutane suka zo gani, wanda ya ɓoye ta bai san aikinsa ba. Ya ce babu launi, babu motsi, mai ganga ma ya nutse cikin duhu. Ya rufe da cewa irin wannan shi ke sa a raina sana'ar.

Mijinta, direban bas ne da ya ajiye aiki, ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya karanta duka. Ya san labarin idon Baba, don shi kaɗai ta faɗa wa, shi ma sai da ta sa ya rantse. Ya ce mata abu biyu ne, ko ta goge hotunan ta huta, ko ta faɗa musu dalili a layi ɗaya kowa ya ji kunya. Ta ce ba za ta goge ba, ba kuma za ta faɗa ba. Ya ce to ta kashe wayar. Ta ce wannan ma a'a. Ta karɓe ta, ta rubuta da yatsa ɗaya kamar yadda ta saba:

"Na gode. Haka na so shi, kuma haka zan sake yi ranar Asabar."

Mijin ya dube ta ya girgiza kai, ya ce shekara ashirin da shida yana zaune da ita, har yau bai ga ranar da ta bi hanya mai sauƙi ba. Ya tura mata sauran burodinsa.

Ranar Talata Manaja ya kira ta ofis. Sabo ne, watansa biyar a wurin, kuma wani ya tura masa duk abin da aka rubuta a zauren. Ya juyo mata da kwamfutarsa ta ga hotunanta da maganganun mutane a ƙasa. Ya ce sunan ɗakin wasan ake zubarwa, manyan baƙi za su zo ranar Asabar, yana son haske ko'ina, fitilu masu juyawa, hayaƙi, da babbar fitilar nan mai bin mutum duk inda ya yi. Ta tambaye shi ko akwai wanda ya kalli wasan da idonsa ya kawo ƙara. Ya ce babu, amma hoto ba ya ƙarya. Ta ce hoto na ƙarya ƙwarai, ido na ganin abin da waya ba ta gani. Ya tambayi dalilin da ya sa ta kashe fitilun gaba. Maganar tana bakinta, kalma biyar ta ishe ta, amma ta haɗiye.

"Yallaɓai, ni na san ɗakin nan, na san mawaƙin. Fitilar gaba ba za ta kunnu ba."

Ya sha toka, ya ce za su gani. Ya riga ya kira Injiniya, zai zo gwajin ranar Alhamis da kayansa.

Ta fito daga ofishin. Ba wai ba ta jin tsoro ba ne. Tana da shekara hamsin da ɗaya, ɗakin wasa irin wannan ɗaya ne a garin, in aka kore ta ba ta san inda za ta kai tsaninta ba. Ta yi tunanin zuwa wurin Baba ta ce ya sake ta daga alkawarin. Ta san zai yarda, kuma saboda ta san zai yarda ne ta ƙi zuwa.

Alhamis da hantsi mota ta tsaya a ƙofar baya. Injiniya ya shigo, gajere ne mai furfura a gemu, ba kamar yadda ta zana shi a ranta ba. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce kada ta ɗauki abin da zafi, gyara ne. Ta amsa gaisuwar kawai. Ma'aikatansa biyu suka shigo da akwatuna, suka kafa babbar fitilar mai bin mutum a tsakiyar kujeru, bakinta na kallon makirufo. Mai Fitila ta ce su rataya abin da suka ga dama a baya da saman 'yan kallo, amma wannan kada a kunna ta. Manaja ya ce ba ita ke ba da umarni ba.

Ana cikin haka Baba ya iso da yaransa. Bai san abin da ake ciki ba. Ya gaisa da kowa, ya bi farin tef ɗin nan a hankali har gaban makirufo, ya ce a buga masa ta farko. Ya fara kenan Manaja ya ɗaga wa ma'aikacin da ke kan fitilar hannu.

Hasken ya faɗa kan fuskar Baba kamar an watsa masa ruwa. Muryarsa ta yanke. Ya kau da kai, hannunsa ya shiga laluben sandar makirufo, ƙafarsa ɗaya ta matsa wajen bakin dandamali.

Mai Fitila ba ta san lokacin da ta tsallake layin kujeru biyu ba. Ta fizge wayar fitilar daga soket, ta cire ɗaya bakin daga jikin fitilar, ta naɗe ta a gwiwar hannu kamar yadda take naɗe nata, ta rataya a kafaɗa. Manaja ya ce ta mayar. Ta ce ba za ta mayar ba. Ya ce ta san kayan wani ta taɓa, kuma a bakin aikinta. Ta ce ta sani.

"In korata za ka yi, Yallaɓai, ka kore ni ranar Lahadi. Zuwa Asabar dai dandamalin nan nawa ne."

Daga kan dandamali Baba ya gyara murya. Ta ga ya buɗe baki, ta kuma san abin da zai faɗa. Sai ta riga shi, ta ɗaga murya ta ce Baba ya yi haƙuri, gwajin kaya ake yi, an gama, a ci gaba da kiɗa. Ya share idonsa da bakin hannun riga, ya ce wa mai ganga su koma daga farko.

Duk wannan Injiniya na gefe yana kallo. Da aka gama waƙar ya hau dandamalin, ya gaida Baba, ya tsaya kusa da shi. Ya dubi tef ɗin da ke ƙasa, ya bi shi da ido har bakin labule. Ya dubi fitilun gefe, ya dubi idon tsohon da har yanzu yake ja. Da ya sauko sai ya ce wa Manaja wayoyin wutar ɗakin nan tsofaffi ne, ba za su ɗauki kayansa ba, in aka matsa gobara za a yi. Mai Fitila ce ta sake wayoyin da hannunta shekara uku da suka wuce, ta san za su ɗauki ninkin kayansa. Ta gane rufa wa Baba asiri yake yi, ta bar maganar a haka.

A ƙofar baya ta miƙa wa Injiniya wayar fitilarsa. Ya karɓa yana kallon ma'aikatansa suna loda akwatuna.

"Malama, maganar mai ganga dai ina nan a kai. Mutumin nan ba a ganinsa."

"Wannan gaskiya ne," in ji ta. "Sauran fa?"

"Sauran ba zan janye a zaure ba. In na janye za su tambaye ni dalili."

Ta ce ba ta roƙe shi ya janye ba. Ya ce kuma hotunanta ba su da kyau, ta daina ɗauka daga sama, ta sauko layi na biyar ta jingina wayar da kujera. Ta ce za ta duba. A ranar ta hau tsani ta ƙara wa mai ganga ƙaramar fitila daga bayan kafaɗarsa ta hagu.

Asabar ɗakin ya cika har ana tsayuwa. Baba ya yi waƙarsa cikin hasken ruwan zuma, manyan baƙin suka tafa kamar kowa, suka tafi. Lahadi ta tura sababbin hotuna shida, daga layi na biyar. Masu raha suka dawo, ko da yake ba su kai na farko ba. Mai maganar tocila ya ce an ƙara batir. Injiniya ya rubuta cewa yanzu ana ganin mai ganga, bai ƙara ko kalma ba. Wata mata daga wani gari ta biyo ta gefe tana tambayar tsayin da ta rataya fitilun gefen, Mai Fitila kuwa ta zauna ta auna mata a takarda ta ɗauka ta tura.

Manaja bai kore ta ba, amma bai bar abin ya wuce ba. Ya ba ta takardar dakatarwa ta mako biyu saboda ƙin bin umarni a gaban baƙo. Ta karanta, ta sa hannu, ta ajiye masa mukullin ɗakin sama a kan tebur.

Kwana huɗu tana gida. Ta gyara fankar falo, ta sake makunnin banɗaki, ta shiga gidan maƙwabta ta duba musu firij, har mijinta ya ce in aka ƙara mata mako ɗaya za ta kwance rufin gidan. A rana ta biyar wayarta ta yi ƙara. Manaja ne, muryarsa a sanyaye. Wata makaranta za ta yi wasan kwaikwayo jibi, wanda ya kawo ya riƙe mata wuri ya danna wani abu, fitilun duka sun koma kore, sun ƙi sauyawa. Ya ce ya yafe sauran kwanakin, ta dawo gobe.

Ta ce ya ba wa mutumin wayar. Ta faɗa masa maɓallin da zai danna da wanda zai riƙe, ta jira har ya ce sun dawo daidai, don yaran makarantar ba su yi mata komai ba. Sannan ta ce ya mayar wa Manaja.

"Yallaɓai, mako biyu ka rubuta, na kuma sa hannu. Saura kwana tara."

Ta kashe wayar, ta ce wa mijinta ya zo ya riƙe mata kujera, ƙwan fitilar tsakar gida take son canzawa.