Igiyar da Yaya ta yanke

Shekara goma sha tara ina tuƙa jirgin yawo a tafki, ina zagayawa da masu zuwa shan iska. Ban yi nisa a boko ba, amma ruwa kam na san shi. Rigunan ruwa takwas masu hana nutsewa da mai jirgin ya saya, ni na ɗaure su tamau da igiyar nailan a ƙarƙashin benci, ƙulli uku-uku. Dalilina shi ne, in ka bar su a sake, wani ya zauna a kai, wani ya goge takalmi da su, wani ya wuce da guda gida. Masu duba jirage in sun zo su leƙa, su ga takwas cif, su tafi.

Wata Asabar yayata ta zo da mijinta. Tela ce, ta girme ni da shekara shida, har yau kuma kallon mai majina take yi min. Ta sa ƙafa ɗaya a jirgin, ta tsaya.

"Ina rigunan?"

"Suna ƙasa, Yaya. Zauna kawai."

"Ciro su."

"Ƙullin ya shekara biyu, ba zai kwantu ba. Dubi ruwan ma, kwance yake kamar a faranti."

Mijinta ya ce, "Ƙyale shi mana, ya san aikinsa."

"Kai da ko a bahon wanka sai an riƙe ka? Yi mana shiru."

Ta zuge jaka ta zaro almakashi. Kafin in buɗe baki ta durƙusa ta datse igiyar. Ta sa wa mijinta riga, ta sa tata, ta miƙo min ɗaya.

"Ni? Ni da nake iyo tun ban iya ɗaura wando ba?"

"Sa, ko in sa maka da kaina a gaban abokanka."

Na sa. Ta ja maɗaurin har sai da na yi nishi. Dogo, direban jirgin da ke gefen nawa, har da tafi: "Kai, ango! Wa ya ɗinka maka?"

Raina a ɓace na tayar da inji. Na san ruwa ya ja baya a watan, na san akwai kututture wajen tsibiri, amma haushi ya sa na ba injin wuta fiye da kima, ina tsaye a baya. Ƙarar dukan kututturen kawai na ji. Na yi sama, ƙeyata ta bugi gefen jirgin, daga nan ban san komai ba.

Sauran ba ni labari aka yi. A sume na faɗa ruwa. Rigar ta juyo da ni rigingine, wuyanta ya tallafe min kai, hancina a waje. Jirgin bai kife ba, amma inji ya mutu, iska tana nesanta su da ni. Mijin Yaya sai salati yake. Ita kuwa ta laluba ƙirjin rigarta ta samu usur, ta yi ta busawa har Dogo ya ji ya taho. Shekara biyu rigunan nan suna ƙarƙashina, wallahi ban san da usur a jikinsu ba.

Ɗinki bakwai aka yi min a ka. Da na samu sauƙi na je shagonta, na tsaya a bakin ƙofa ina ta juya hula. Ban saba da irin wannan magana ba.

"Yaya, na gode. Da ba don ke ba..."

"Da ba don Allah ba." Ko ɗagowa daga keken ba ta yi ba, amma na ga ta share ido da gefen mayafi. "Biyu daga cikin rigunan nan maɗaurinsu ya ruɓe. Kawo min su gobe."

Na kai mata duka takwas. Yanzu a rataye suke a ƙusa, inda hannu ke kaiwa, kuma ba na tayar da inji sai kowa ya sa, ni ne na farko. Dogo har yau ango yake kirana, ina kuma amsawa.